Matakin Da Aka Toshe Da Dutse

Tun daga saman kwakwa Rereao ta hango shi yana tahowa, ta kuma san ba alheri ya ɗauko ba. Ioteba mutum ne mai saurin ƙafa, amma yau jan ƙafa yake, kwalbar 'yarsa na lilo a hannunsa.

A gindin bishiyar, babanta Tabwea ya miƙe gurguwar ƙafarsa ya wage murya yana waƙar masu yankan karewe, wato ruwan zaƙin kwakwa.

Kowa a tsibirin Nonouti ya san a sama ake wannan waƙa. Namiji ya hau safe da yamma, ya aske bakin hudar kwakwa da wuƙarsa, ruwan zaƙi na ɗiga cikin kwalba, shi kuma yana rera wa duniya abin da ke ransa. Tabwea kaɗai ke yin tasa daga ƙasa. Shekara bakwai ke nan da ya faɗo ƙugunsa ya goce, ga shi ba ɗa namiji. Huda kuwa ba ta jiran mai jinya, kwana biyu ba a taɓa ta ba sai ta bushe. Sai 'yarsa ta sa gajeren wandonsa ƙarƙashin zani ta ɗaura wuƙa.

Shi yana waƙa a ƙasa, ita tana yanka a sama. Masu wucewa su sunkuyar da kai su ce, "Sannu da aiki, Tabwea, yau ka yi sammako." Mu mutanen ƙauyen nan, in dai wajen rashin ganin abin da ke gaban idonmu ne, ba a kai mu ba.

Ta sauko a natse, kwalabe huɗu rataye a kafaɗa. Tabwea ya dubi fuskar saurayin sau ɗaya, ya jawo sandarsa ya ce bari ya je ya duba aladu. Aladun da ya ba abinci ɗazun nan.

"Neiko," in ji Ioteba, kamar yadda ake kiran mace a nan, "Inna ta yarda da aurenmu."

"To me ya sa fuskarka kamar ta wanda kwalekwalensa ya kife?"

"Ta yarda, amma da sharaɗi."

"Dama na san za a rina. Kawo kwalbar, ka faɗa ina ji."

Ta karɓa tana tsiyaya mata karewe. Kwalbar nan ce ta haɗa su. Matar Ioteba ta rasu wajen haihuwar Tiebane, jaririya ba nono, da karewe mai ɗumin safe aka raya ta. Shekara biyar kullum yana zuwa da kwalba, har ya kai in an cika masa ba ya tafiya. Uwarsa kuwa, Nei Kabwebwe, ta ce sai dai a bayan ranta ɗanta zai auri macen da ke leƙa tsakar kan maza.

"Wuƙar," ya ce. "Ta ce ki ajiye ta gaban dangi. Za a adana wa Baraniko, ɗan ƙanena."

Dariya ta kuɓuce mata. "Baraniko ɗan wata takwas? Wanda ko haƙori bai fitar ba?"

"Namiji ne dai."

"Na ji. Sai me?"

Ya shiga tona yashi da babban yatsan ƙafa. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Jiya an kama Tiebane a kwakwar bayan coci. Ta hau mataki uku, mata na shara suna kallo. Aka ce wa ya koya mata, ta ce haka Nei Rereao ke yi. Inna ta zane mata ƙafafu da tsinken tsintsiya, har yanzu da shatar."

Hannun Rereao ya tsaya. Karewe ya zubo ta bakin kwalbar ya jiƙa mata yatsu.

"Ta ce ranar Lahadi bayan coci ki zo gida, ki gaya wa yarinyar da bakinki mace ba ta hawa. Ki ce mata ke ma ba ki taɓa hawa ba, Baba ne ke hawa, idonta ne ya gane mata ba daidai ba. In kin yi, a sa rana. In ba ki yi ba, Litinin za ta aika gidan malamin coci, a nemo mini 'yarsa Teaote."

"Teaote gwanar saƙar tabarma."

"Ni ina ruwana da tabarmarta?" Muryarsa ta karye. "Rereao, shekara biyu ina roƙon matar nan. Na yi kuka, na yi fushi, na bar cin abincinta, na turo mata kawuna. Yau ne kaɗai ta buɗe ƙofa, ko da kaɗan ne. Magana ce ta minti ɗaya. Ki faɗa mu wuce wurin. In mun yi aure, ni zan hau miki duk bishiyoyin nan, na Baba da nawa. Ba za ki sake karce gwiwa ba."

"Ita Tiebanen fa?"

"Yara mantuwa gare su."

Ta dube shi. Tana son mutumin nan, har ga Allah tana son shi, tun daga wannan kunyar tasa har zuwa yadda yake kitsa wa 'yarsa kai a karkace. Ganin hawayensa ya fi mata ciwo a kan karcewar gwiwa ta shekara bakwai. Amma ta kama hannunsa ta ja shi gindin tsohuwar kwakwar da ke bakin hanya.

"Duba nan."

Ƙasa da matakin farko, daidai gwiwar babba, akwai wani ɗan sara a jikin bishiyar. An cusa masa farin dutsen bakin teku, an buga shi har ya shige, gansakuka ta bi ta kansa.

"Shekara goma sha tara ke nan, Nao," ta ce, kiran da ake yi wa namiji a nan. "Ni ban manta ba."

Ta rufe kwalbar ta miƙa masa. "Kai mata kafin ya yi tsami. Ka ce wa Inna ina nan zuwa ranar Lahadi."

* * *

Labarin dutsen nan gajere ne. Tana shekara huɗu take bin babanta gindin kwakwa, ya hau ya bar ta tana tsalle tana kuka don ƙafarta ba ta kai matakin farko. Wata rana ya yi dariya ya sara mata nata, daidai ƙafarta. Shekara guda tana hawa biyu ta diro, tana hawa uku ta diro. Ranar da ta kai mataki na shida, matan ƙungiyar coci suka wuce.

Dariya kawai suka yi. A nan kuwa an fi tsoron dariyar mata a kan hukuncin dattawa.

Da yamma uwarta ta zo da dutse da taɓarya. Tana bugawa tana kuka. Da ta gama ta zaunar da Rereao, ta lanƙwasa mata ƙafafu gefe guda, ta sa mata kaba a cinya. Washegari aka ɗora mata jaririn maƙwabta a kwankwaso. Sa'o'inta maza ana sassaƙa musu 'yan kwalekwale suna tsere a bakin ruwa, wanda ya ji tsoron hawa a tura shi sama da ashar, ita kuwa da ke mafarkin hawa tana koyon shara. Sai da ta kai sha bakwai, uwa ta rasu, uba ya faɗo, sannan ta koma ta koya da jini abin da ta kusa iyawa tana wasa.

Ranar Asabar da rana tana kankarar kwakwa, Tabwea ya zauna kusa da ita yana ta gyaran murya.

"Baba, in magana ce ka yi. Maƙogwaron nan naka zai tsage."

"Ki karɓi sharaɗin nan."

Ta ci gaba da kankara.

"Ki karɓa, 'yar nan. Ni kwana nawa ya rage mini? Bishiyoyi su bushe, mu sha shayi da sukari kamar mutanen birnin Tarawa. Shekararki ashirin da huɗu. Sa'o'inki na da uku-uku. Duk wanda ya zo, in ya ga tafin ƙafarki sai ya tuna ya bar wuta a gida. Wannan ne kaɗai ya tsaya." Ya goge ido da bayan hannu. "Laifina ne. Ni na sara miki matakin nan. Da na bar ki kin yi kukanki kin gaji, da yanzu kina ɗakinki."

"Da yanzu kai kuma kana kabari, ni ina ɗakina ina saƙa maka tabarmar rufi."

"Bakinki ke nan."

"A wurinka na gada." Ta ajiye ƙoƙon kwakwar ta juyo. "Baba, wuƙa ba ta fi mini Ioteba ba. In ita ce kawai, gobe zan miƙa. Amma ka taɓa jin na zagi Inna marigayiya a kan dutsen nan?"

"Ban taɓa ba."

"Don na san tsoro ne ya sa ta. Ta ji mini tsoron bakin mutane. To ni ba na jin tsoron. Wa zai yafe mini in na yi abin da ta yi?"

Tabwea ya dube ta. Can ya ce, "Ki sa farar rigar nan ta bikin Ista. In za a kore mu, a kore mu da kyan gani."

* * *

Ranar Lahadi gidan Nei Kabwebwe ya cika. An shimfiɗa tabarmi a rumfa, dangi sun zauna, matar ƙanen Ioteba na riƙe da Baraniko wanda ke tsotsar dunƙulen hannunsa, bai san ana shirin ba shi gado ba. Teaote ce ke raba shayi. Wai wucewa ta zo yi. Wucewa da fure a kunne da man kwakwa har yana ɗiga.

Rereao ta shigo a sunkuye kamar yadda ake shiga gaban manya, ta zauna ta lanƙwasa ƙafa. Tabwea ya zube bayanta. Ioteba na can gefe, kansa a ƙasa.

Tiebane na kusa da kakarta, an sa mata riga mai tattara, an ba ta kaba tana tsagawa. Da ta ga Rereao sai ta yi zumbur za ta tashi. Hannun kakar ya sauka a cinyarta, ta koma.

"Nei Rereao," in ji tsohuwar, "ni ba mai zagaye-zagaye ba ce. Kina tsammani ƙin ki nake yi. Ba ƙin ki nake ba. Ke mai aiki ce, ba a taɓa jin sunanki da wani a bayan gari ba, kin riƙe ubanki yadda ɗa namiji ma bai isa ba. Duk na sani. Amma komai da wurinsa. Namiji nasa sama da teku, mace nata gida da rijiya. Haka muka taras. Dattijo ya zo wucewa, mace na saman kansa, wannan wane irin gari ne?"

"Ina ji, Inna."

"Ke naki ya wuce, an yi an gama. Wannan nake ji." Ta dafa kan Tiebane. "Marainiya ce, ba uwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In na bar ta ta taso irin tasowarki, wa zai ɗauke ta? Ina kwance a kabari ana yi mata dariya? Ni na ga abin da aka yi wa uwarki a kanki, ina cikin waɗanda suka wuce ranar. Ba zan bari a yi wa jikata ba."

Muryarta ta ɗan yi rawa a ƙarshe. Rereao ta ji tausayinta ya kama ta, abin da ba ta shirya masa ba.

Ta sa hannu a ƙugu ta kwance wuƙar. Tsohuwar wuƙa ce, wasawa ta cinye ta har ta sirance, ƙotarta ta yi baƙi da gumin kakanta da na babanta da nata. Ta ajiye ta a tsakiyar tabarma da hannu biyu.

"Ga ta. Don ɗanki na ajiye, ba don na yi abin kunya da ita ba. Allah ya raya Baraniko."

Rumfa ta ɗauki guna-guni. Ioteba ya ɗago, fuskarsa ta washe. Teaote ta zuba shayi har ya malala a faranti.

"Madalla," in ji Nei Kabwebwe. "Saura ɗaya. Tiebane, je ki gaban innarki, tana da magana."

Yarinyar ta zo ta tsaya. Shatar tsinken tsintsiya na nan a ƙaurinta, layi huɗu a ɗaya, uku a ɗaya. Rereao ta ƙirga su ba da niyya ba.

"Gaya mata," in ji tsohuwar. "Wa ke hawa kwakwa a gidanku?"

Rereao ta buɗe baki. Ta riga ta shirya kalmomin tun daren jiya, don ta ga ko za su fita. Baba ne ke hawa. Kalma huɗu kacal, kuma duk ƙauyen nan shekara bakwai suna faɗarsu ba wanda harshensa ya karye.

Tiebane ta matso ta rage murya, irin ragewar yara da kowa ke ji.

"Ai na gan ki. Kin ɗago mini hannu daga can sama. Kaka ta ce mafarki na yi." Ta dubi idon Rereao. "Mafarki na yi?"



Rereao ta kama ƙananan hannuwan nan biyu. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba, muryarta kuma ba ta yi rawa ba.

"Ba mafarki kika yi ba, Tiebane. Ni ce. Kullum ni ce, safe da yamma. Idonki lafiyarsa ƙalau. Abu ɗaya kika yi ba daidai ba, kin hau ke kaɗai. In za ki sake, ki kira babba ya tsaya miki a ƙasa."

"Kin ji ko!" Nei Kabwebwe ta fizge yarinyar ta mayar bayanta. "A gidana, a gaban idona. Ke ko kunya babu? Ina raga miki ne albarkacin ubanki. Karewen Tabwea ne ya raya yarinyar nan, shi ya sa na bari kika taka tabarmar nan."

"Inna," in ji Rereao a hankali, "ranar da aka haifi Tiebane, babana ya shekara biyu ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba."

Maganar da ba a taɓa yi ba ke nan a ƙauyen. Kowa ya san ta, kamar yadda kowa ya san inda ake zuwa bayan gida, amma ba a faɗa a rumfa. Wani kawu ya kama tari. Matar ƙanen ta juya Baraniko ta hau duba masa kunne.

"Gori za ki yi mini?"

"Ba gori ba ne. Ko gobe aka kawo kwalba zan cika, ko wa ɗanki ya aura. Na ajiye wuƙa, zan iya ajiye hawa har abada. Amma in dubi yarinya in ce mata abin da ta gani ba ta gani ba, wannan ba zan iya ba. In da shi zan shigo gidan nan, kullum ta kalle ni za ta ga maƙaryaciya, ni ma haka."

"Inna," in ji Ioteba, "don Allah ki..."

"Rufe mini baki. Ni na haife ka ko ita?"

Ya rufe. Rereao ta dube shi, ta jira. Ta ba shi lokacin da ya isa mutum ya tashi tsaye. Bai tashi ba, hawaye kawai ke ɗiga a kan gwiwarsa.

Ta miƙa hannu ta ɗauki wuƙarta ta mayar ƙugu.

"Tunda ciniki bai faɗa ba, Baraniko ya yi haƙuri. Tashi mu je, Baba, rana ta yi, huda na jira."

* * *

Da yamma Tabwea ya zauna a wurinsa ya gyara murya zai fara.

"Bari, Baba. Yau ka huta."

Ya dube ta, ya gane. Bai hana ta ba.

Ta hau har ƙarshe, ta zauna tsakanin rassa, ta aske bakin hudar siriri yadda ya koya mata. Daga nan ana ganin komai, rufin maneaba inda gari ke taro, hasumiyar coci, hayaƙin gidan Nei Kabwebwe. Ta ko'ina maza na kan bishiyoyinsu, wannan ya rera wancan ya amsa. Ta ja numfashi ta saki murya.

Waƙar babanta ce, amma da muryar mace, kuma daga sama.

Ɗaya bayan ɗaya mazan suka yi shiru. Har karnuka sai da suka saurara. Ta kai ƙarshen baiti ta dakata, nan ne ake amsawa. Ta juya kunne wajen bishiyoyin Ioteba, can arewa da coci.

Ba abin da ya zo sai ƙarar teku.

Ta ƙarasa waƙarta duk da haka, baiti uku cur, ta sauko. Ta zauna ta kifa kai a cinyar babanta ta yi kukan da ta hana kanta a rumfa, yana shafa mata kai yana cewa, "Kin ja baiti na biyu da yawa, amma ba laifi."

Washegari Litinin, ranar aike gidan malamin coci. Ta hau da sassafe, idanu a kumbure, ta yi waƙarta. Lokacin zuwan kwalba ya yi ya wuce. Karo na farko cikin shekara biyar hanya ta zauna wayam.

Tana kan bishiya ta huɗu, ta dakata a ƙarshen baiti don sabo kawai, sai aka amsa.

Ba daga arewa ba. Daga ƙasa, daga bakin hanya, da wata murya mai kama da ta agwagwa. Duk Nonouti ba wanda ya kai Ioteba rashin iya waƙa, shi ya sa ko a kan tasa bishiyar ba ya buɗe baki. Yau ga shi yana tafe yana kwarara ta iya ƙarfinsa, mutane na leƙowa daga gidaje. Tiebane na bisa wuyansa. A hammatarsa tabarma ce naɗe, a hannu buhun kaya.

Ba ta san yadda ta sauko ba.

"Jiya na yi shiru," ya ce, yana haki. "Na kwana ina jin kunyar kaina. Da asuba na gaya wa Inna ba inda za ta aika, in ta aika sai dai ta aura wa Teaote ginshiƙin rumfa. Ta ce in na fita da 'yar nan kar in dawo. Na je coci na gaya wa Fada ya fara shelar aurenmu ranar Lahadi." Ya juya ga Tabwea ya durƙusa. "Baba, na zo ba dangi ba rakiya. Akwai inda zan shimfiɗa wannan?"

"Rumfar kwalekwale na nan har a ɗaura aure," in ji Tabwea. "Sharaɗina ɗaya ne. Kar ka sake yin waƙa a gonata, huda za ta bushe."

Rereao tana dariya tana kuka. Ta so ta ce masa abubuwa da yawa, amma Tiebane ta riga ta zame ƙasa ta nufi tsohuwar kwakwar bakin hanya. Ta ɗaga ƙafa, ba ta kai matakin farko ba. Ta yi tsalle, ba ta kai ba.

Rereao ta dubi Ioteba. Ya gyaɗa kai.

Ta zare wuƙa ta durƙusa, ta kankare gansakukar, ta sa tsinin a gefen dutsen. Uwarta ta buga shi da kyau. Sai da ta yi gumi, sai da bakin wuƙar ya ɗan ɓalle, sannan ya motsa ya faɗo a yashi. Ta hure ramin, ta share shi da yatsa.

"Sa ƙafarki nan."

Ƙafar ta zauna daidai.

"Na zo karɓar karewen Tabwea."

Duka suka juya. Nei Kabwebwe ce tsaye a hanya, ta yafa tawul a kai, kwalbar Tiebane a hannunta. Ba ta kalli ɗanta ba, ko sau ɗaya. Idonta na kan ƙafar jikarta.

Rereao ta miƙe, hannunta ɗaya na riƙe da ƙugun yarinyar.

"Babu karewen Tabwea, Inna. Na Rereao ne ake da shi. In kina so, ga shi da ɗuminsa."

Tiebane ta waiwayo ta ga kakarta, ƙafarta ta fara janyewa daga matakin, sai ta ɗago ta dubi Rereao. Rereao ta ƙara riƙe ta. Ƙafar ta koma.

Nei Kabwebwe ta sunkuya ta dasa kwalbar a yashi. Ba ta miƙa a hannu ba.

"Ba ta karya ba tukuna," ta ce. "A cika mata." Ta juya, ta yi taku biyu, ta tsaya ba tare da ta waiwayo ba. "In ta faɗo, ni da ke ne."

"Na ji, Inna," in ji Rereao. "Ina ƙasa."

Ta ɗaga kai. "Hau, Tiebane. Na biyu na nan ta hagunki."